Lambar da Ke Jikin Kwali da Mintunan da Ke Cikin Batir: Yadda Ake Auna UPS ga Kwamfutar Tebur

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu, daga Matazu zuwa Musawa har Malumfashi. Mutum ya tara kuɗi ya sayi UPS, an rubuta 650 ko 1,200 da manyan lambobi a jikin kwalinsa, ya haɗa wa kwamfutarsa, amma da aka ɗauke wuta ko kwata bai yi ba ya fara kuka, can kuma ya mutu. Mai shago ya ce an cuce shi a kasuwa, mai sayarwa ya ce ai shi ya ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Wani lokaci ɗayansu yana da gaskiya. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta ƙalau, ta yi iyakar abin da aka ƙera ta dominsa.

Lambar da ke jikin kwali tana faɗin nauyin kayan da na'urar za ta iya ɗauka ne a lokaci guda, alhali tambayar da ke ran mai saye ita ce tsawon lokacin da za ta riƙe masa wuta. Tambayoyi biyu ke nan, kowacce da lissafinta. A gari irin Matazu kuma akwai ta uku da ba a cika yi ba: shin wutar da ake kawowa tana daɗewa har batirin ya cika kafin a sake ɗaukewa?

Sunayen da ake cakuɗawa

UPS taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa na'urar da ke hana wuta yankewa. Akwati ne mai batir a ciki, ana sa shi tsakanin soket ɗin bango da kwamfuta. Idan akwai wuta yana barinta ta wuce, yana kuma cajin batirinsa. Da zarar an ɗauke sai ya juya kan batir, cikin kimanin kashi 4 zuwa 10 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan saurin shi ne dukan sana'arsa. Fawa-fak, wato akwatin ƙarfen da ke cikin kwamfuta mai karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran sassa, yana iya riƙe kansa na kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ne kawai bayan wuta ta yanke. Idan UPS ya shigo kafin wannan ɗan taƙin ya ƙare, kwamfutar ba za ta ma san an ɗauke ba.

Kwamfutar tebur, wadda wasu ke kira ta girke, ba ta da batir nata kamar laftof. Abin da ake bugawa yana zaune ne a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi har sai an adana shi, kuma wuta na yankewa ya tafi: jerin sakamakon ɗalibai, ko fom ɗin rajistar jarrabawa da aka kusa gama cikewa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne idan wutar ta yanke daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a ma'adanarta, domin fayil yana iya lalacewa, ko Windows ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Sitabilaiza daban take. Ba ta da batir, aikinta ta ɗaga wuta idan ta zo da rauni, ta sauke ta idan ta zo da ƙarfi fiye da kima. Aka ɗauke kuwa ita ma ta mutu. Inbata tana juya wutar batir ta zama irin ta bango, kamar yadda UPS ke yi, sai dai batiranta manya ne, a waje suke, kuma an ƙera ta don ta yi awanni tana aiki.

Shi kansa UPS iri uku ne. Akwai mai jira, wanda ba ya taɓa wutar bango sai an ɗauke. Akwai mai AVR, wato mai ƙaramar sitabilaiza a cikinsa, wanda ke gyara raunin wuta ba tare da ya taɓa batir ba. Sai wanda ake kira onlayin, mai tace wutar kullum ba tsayawa, irin na bankuna da asibitoci da manyan cibiyoyin jarrabawa. Ga shagon kwamfuta ɗaya ko biyu a yankinmu, na biyun ne ya dace. Na ukun tsadarsa ta fi ƙarfin buƙatar.

Wutar da aka ƙera shi dominta da wadda muke da ita

An ƙera ƙaramin UPS ne da tunanin ƙasashen da wuta ke ƙiftawa na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ta dawo, sannan a yi watanni ba a sake ganin haka ba. A can batirin yana zaune a cike kusan duk tsawon rayuwarsa.

Jihar Katsina, tare da Kano da Jigawa, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tun bayan da aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, ko da yake har yau Nepa jama'a ke cewa. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa mafi ƙarancin awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ƙananan garuruwa da ƙauyuka ba kasafai suke samun kansu a rukunin farko ba, kuma ko awannin da aka rubuta wa layi ba su da tabbas idan taransifoma ta lalace ko iskar farkon damina ta kayar da turaku.

Wani lokacin ma matsalar daga nesa take. A ƙarshen Oktoban 2024, layin Ugwuaji zuwa Apir mai ɗauko wuta daga Kudu maso Gabas ya samu tangarɗa a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ke kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, jihohin Arewa da dama, har da Katsina, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Janareta kuma, wanda shi ne madogara a da, ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a shekarar 2024.

A ɗaya gefen, ayyukan da ke buƙatar kwamfuta ƙaruwa suke yi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, rajistar NIN ta zama dole ga duk mai layin waya daga Disamban 2020, neman aiki da biyan kuɗin makaranta duk sun koma intanet. Wannan ne ya sa mai shago ke son UPS ya maye masa gurbin janareta. A nan ake fara kuskuren.

VA, wat da Ah

Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, kuma ma'aunin Najeriya bolt 230 ne. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana a cikin waya. VA kuwa bolt ne sau amfiya. Wat shi ne ainihin ƙarfin da na'ura ke ci ta yi aiki. A dutsen guga ko ƙwan fitila irin na da, VA da wat daidai suke, amma a kayan lantarki irin kwamfuta sukan bambanta saboda yadda suke jan wuta.

Masu ƙera ƙananan UPS sun saba sa wat ya zama kimanin kashi 60 cikin 100 na VA. Ke nan mai 650VA yana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1,000VA wat 600, mai 1,500VA kuma wat 900. VA ake bugawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali, tunda ita ce babbar lamba, wat kuma sai an juya baya an karanta ƙananan rubutu. Wat ɗin ne abin dubawa.

Duk waɗannan lambobi ba su ce komai ba game da lokaci. Lokaci yana jikin batir, a wata lamba da ake rubutawa Ah, wato amfiya-awa. Idan aka ninka ta da bolt ɗin batirin sai a sami wat-awa, shi ne yawan wutar da ke ajiye a ciki. Kamar motar da ke ɗaukar masara zuwa kasuwar Dandume ce: VA shi ne buhu nawa za ta iya ɗauka, Ah kuma man da ke tankinta. Babbar mota mai ƙaramin tanki ba za ta yi nisa ba, kuma duk buhun da aka ƙara yana ƙara mata shan mai.

Lissafin kaya

Kuskure na farko a nan shi ne karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak. Idan an rubuta wat 300 ko 450, wannan iyakar abin da zai iya bayarwa ne, ba abin da kwamfutar ke ci ba. Kwamfutar ofis irin HP ko Dell da ake buga takardu da shiga intanet da ita ba kasafai take wuce wat 60 zuwa 100 ba, ƙananan na zamani ma ƙasa da haka suke ci. Allo mai falle yana cin wat 20 zuwa 30, tsohon allo mai ƙeya kuma yana kaiwa wat 70 zuwa 100, kusan daidai da kwamfutar kanta. Na'urar intanet ba ta wuce wat 10. Na'urar ɗaukar zanen yatsa da kyamarar fasfo daga jikin kwamfuta suke shan wuta, abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Wanda ke son tabbaci, akwai ƙaramar mita da ake sokawa a soket ta nuna wat kai tsaye, kuma masu wayarin da dama suna da mitar auna amfiya.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A tara wat na duk abin da za a jona, a ƙara rubu'i a kai don kada na'urar ta riƙa aiki a maƙurarta, sannan a kwatanta da wat ɗin da ke bayan UPS. In ba a rubuta wat ba, a raba jimillar da 0.6 a sami VA.

A ɗauki shago mai kwamfuta ɗaya: ita wat 90, allo 25, na'urar intanet 10, jimilla wat 125. Da ƙarin rubu'i ya zama kusan 160, wato ƙasa da 270VA. Mai 650VA ya ishe shi har da rara mai yawa. Shago mai kwamfuta uku zai kai kimanin wat 355, da ƙarin rubu'i 445, wato kusan 740VA. Nasa mai 1,000VA ne, ko kuma, abin da ya fi, kowace kwamfuta a ba ta nata ƙarami, ta yadda in ɗaya ya lalace aiki ba zai tsaya cak ba. Mai tace bidiyon biki da na wa'azi, wanda kwamfutarsa ke da babban katin hoto, yana iya cin wat 350 zuwa 400 idan aiki ya yi zafi. Shi mai 1,500VA ya kamata ya nema, kuma ya tambayi wanda wutarsa ke fita sumul kamar ta bango, abin da 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin. Masu araha wutarsu mai gargada ce, kuma wasu fawa-fak na zamani sukan ƙi ta, su mutu daidai lokacin da UPS ya karɓi aiki.

Abu ɗaya ne ke rushe wannan lissafi, kuma shi ya fi kashe UPS a shagunan buga takardu: firinta mai garin tawada. Tana da wani sashe mai zafi da ke gasa tawadar a jikin takarda, tana cin wat 300 zuwa 500 lokacin bugawa, kuma a daƙiƙoƙin da take ɗumama kanta takan fizgi kusan wat 1,000. Injin fotokwafi ya fi ta ci, injin laminetin ma haka yake da zafi. Waɗannan ba a jona su a UPS, ko da akwai ramin soket da ya rage a bayansa. Masu ƙera na'urar da kansu suna gargaɗi a kai. Firinta mai ruwan tawada ba ta wuce wat 30, ita babu laifi. Fanka da cajin wayoyin abokan ciniki kuwa, kowanne minti yake sacewa daga na kwamfuta.

To, minti nawa?

Mafi yawan masu 650VA batir ɗaya ne a cikinsu, mai bolt 12 da 7Ah. A takarda wat-awa 84 ke nan. Sai dai 7Ah ɗin an auna shi ne da sharaɗin a ja wutar sannu a hankali cikin awa 20. Batirin dalma, irin wanda ke cikin UPS, idan aka zuƙe shi da sauri, abin da yake bayarwa raguwa yake yi sosai. Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1897. A ƙara da asarar da ake yi wajen juya wutar batir ta zama ta bango, abin da ke isa kwamfuta bai wuce rabi ba, kimanin wat-awa 40. Ga shagon nan mai wat 125, kwata ne zuwa minti 20, idan batirin sabo ne kuma a cike yake. Mai 1,000VA yakan zo da irin wannan batir guda biyu, amma idan kwamfuta uku ke kansa, da ƙyar ya kai minti goma.

Wannan ba ha'inci ba ne. Minti goma sun isa a adana aiki, a rufe kwamfuta yadda ya kamata, ko a fita a ja janareta a juya canji-oba. Don haka aka yi shi.

Wanda ke son awa shida kuwa, lissafinsa ya sauya gaba ɗaya. Wat 125 sau 6 ya ba da wat-awa 750, da asarar inbata ya kusa 880. Batirin dalma ba a so a riƙa zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya daɗe, don haka ana buƙatar ninki biyu, wato batir mai kimanin 150Ah. Ya ninka na cikin ƙaramin UPS fiye da sau ashirin. Babu wata lambar VA a jikin kwali da za ta cike wannan giɓi.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Akwai masu cewa a sayi mafi girman da aljihu zai iya, a huta. Suna da hujja, domin babban UPS yakan zo da ƙarin batir, kuma kaya marasa nauyi a kan batir biyu suna samun fiye da ninkin lokaci. Amma daga 650VA zuwa 1,500VA, abin da ake samu ƙarin mintuna ne, daga kwata zuwa abin da bai cika kai awa ɗaya ba, kuma ranar da batiran suka mutu biyu za a saya. Ga mai kwamfuta ɗaya da ke da janareta a ƙofar shago, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Akwai kuma dabarar masu gyara: a buɗe ƙaramin UPS, a zaro wayoyinsa biyu, a jona masa batirin mota ko na sola. Yana aiki, shi ya sa dabarar ta bazu. Matsalolinta daga baya suke fitowa. Cajar da ke cikin ƙaramin UPS ba ta cika wuce amfiya ɗaya ba, tunda don batir mai 7Ah aka yi ta; batir mai 100Ah zai nemi fiye da kwana huɗu na wuta ba yankewa kafin ya cika. Taransifomar cikinsa an ƙera ta ne ta yi zafi na 'yan mintuna ta huta, da yawa ma ba su da fanka, kuma in aka tilasta mata awanni tana iya ƙonewa, a shagon da ke cike da takardu. Batirin mota kuma don tayar da inji aka yi shi, ba ya jure zuƙewa da cikawa kullum, ga shi yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Wannan dabara ba abin ba da shawara ba ce.

Rukuni na uku cewa suke yi UPS ɓata kuɗi ne, a tafi sola kai tsaye. Ga wanda sana'arsa ta dogara da kwamfuta daga safe zuwa yamma, maganarsu ita ce ta fi kusa da gaskiya. Yankin Katsina yana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, kuma farantin sola mai wat 300 yana iya tara sama da wat-awa 1,000 a yini, in ana goge masa ƙurar hunturu. Batirin litiyam mai bolt 12.8 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,280, ana iya amfani da mafi yawansa, yana caji da sauri, kuma ya fi na dalma jure zuƙewar yau da kullum. Cikas ɗin kuɗin farko ne, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan sakinta a watan Yunin 2023. Sai kuma a tabbatar inbatar tana da saurin juyawa irin na UPS, domin wasu suna jinkirin da ya isa ya kashe kwamfuta, kuma a irin wannan hali ƙaramin UPS yana nan da amfaninsa a tsakani.

Ra'ayi na ƙarshe ya fi kowanne sauƙi, shi ne a bar kwamfutar tebur a koma laftof. Tana cin wat 30 zuwa 65, batirinta yana jikinta, ɗauke wuta ba ya kashe ta. Masu riƙe da ta tebur suna cewa ta fi araha, ta fi sauƙin gyara, ta fi jure hannun yara masu koyo, ɓarawo ma ba ya saka ta a jaka. Kowanne da gaskiyarsa, amma wanda bai riga ya sayi komai ba ya kamata ya haɗa kuɗin kwamfutar tebur da allo da UPS da batirin da zai riƙa sauyawa kafin ya yanke hukunci.

Zafi da ƙarancin caji

Batirin dalma irin na UPS ana ƙiyasta masa shekara uku zuwa biyar a yanayi mai digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage masa kusan rabin rayuwa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin yankin nan yana taɓa digiri 40, cikin shago mai rufin kwano kuma ba a magana. Don haka batirin da ya gaza bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba lallai jabu ba ne. A ɗaga UPS daga ƙasa, a bar masa sarari iska ta ratsa, kada a tura shi lungu a jibga masa takardu.

Caji shi ne matsalar da ta fi ɓuya. Batirin da aka zuƙe yana buƙatar awa shida zuwa takwas kafin ya kusa cika. Idan wutar awa biyu aka kawo, da rabin ciki zai tari ɗaukewar gaba. Batirin dalma da ke yawan zama ba a cike ba wani gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ƙarfinsa ya ragu ba dawowa. Shi ya sa barin UPS yana kuka har ya mutu da kansa yake cinye batir cikin watanni. Ya fara kuka, a adana aiki, a rufe kwamfuta, a kashe shi shi ma.

Haka nan idan wuta ta zo da rauni, wadda ake ce wa haf-karan. In ta faɗi ƙasa da iyakar da aka rubuta a bayan UPS, zai ɗauka babu wuta ne ya hau batir, alhali ga ƙwai yana ci a ɗakin. Maganin sitabilaiza ce, a sa ta tsakanin bango da UPS, ba tsakanin UPS da kwamfuta ba. Ƙaramin janareta ma yakan jawo irin wannan, saboda gudun injinsa hawa da sauka yake yi, sai UPS ya ƙi amincewa da wutarsa. Rage wa janaretan kaya da yi masa sabis sukan taimaka. Tsawa kuwa ta fi ƙarfin ƙaramin UPS, balle a ginin da ba a binne masa wayar ƙasa ba. Hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi daga bango.

A bakin kanta

Yawancin kayan daga Kano suke zuwa, daga Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari, su kuma daga kasuwannin Alaba da Ikeja a Legas. Za a tarar da sunaye irin su Mercury da Blue Gate da APC, kamfanin na'ura da Schneider Electric na Faransa ya saye a 2007, ba jam'iyya ba. Ko wanne suna ne, a nemi ganin wat da adadin batir da Ah ɗinsu kafin a yi maganar farashi. Nauyi ma shaida ne: batir mai 7Ah na kirki ya haura kilo biyu, don haka UPS mai babbar lamba da yake sakayau a hannu abin tuhuma ne. A tambayi kuma yaushe ya shigo, domin batirin da ya shafe fiye da wata shida a kan kanta ba caji ya riga ya fara tsufa.

Na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, sau da yawa jikinsu ya fi na sababbi masu araha inganci, sai dai a ɗauka batirinsu ya mutu, a sa kuɗin sabo cikin ciniki. A duba bolt da kyau. Wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, kuma jona shi a wutar Najeriya ƙonewa ce nan take.

An kawo shi gida, a bar shi ya yi cajin awa takwas kafin a ɗora masa komai, sannan a kunna kwamfuta, a kashe wutar bango, a duba agogo. Mintunan da ya yi a rubuta su a jikinsa. Duk bayan wata biyu ko uku a maimaita gwajin. Ranar da ya kasa kai rabin na farko, ko aka ga batirin ya kumbura, lokacin sauyi ya yi, kuma batir kaɗai ake sauyawa, da mai bolt da girma irin nasa.

Tsohon batirin kada a bar shi a tsakar gida, kada kuma a fasa shi don ciro dalmar. Gubar dalma ce ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinare ta fito. Masu sayar da batir da dama suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo, tunda ana sake narkar da dalmar a masana'anta. A mayar musu da shi a rufe yadda yake.